Inuwar Ƙofar Makaranta

Daren jiya wani abu ya yi ƙara a unguwar Faisal da ke nan Masar, tas-tas sau uku, kamar ana fasa ƙwarya a sama. Yau da la'asar ina zaune a tashar mota, sai na ji wani Bazamfare da wani ɗan Maraɗi, waɗanda ba su san juna ba, suna zancen ƙarar.

"Wasan wuta ne na biki," in ji ɗan Maraɗin. "A Masar wa ya isa ya yi yawo da bindiga? Doka tana aiki, khalas, magana ta ƙare."

"Doka?" in ji Bazamfaren. "Alhaji, a garinmu an ce kowa ya miƙa tasa. Na kai tawa ta harbin zabi, har takarda aka ba ni. Ranar da 'yan bindiga suka shiga makarantar yaranmu, takardar ce a hannuna."

"Ma'alish, sai haƙuri. Ai dokarku a kan mai zabi ta tsaya. Ni nan 'yata Zeinabu tana zuwa makaranta, hankalina kwance."

"Ita kaɗai take tafiya?"

"Ina raka ta."

"Sannan ka wuce kasuwa."

"Nakan ɗan zauna a bakin ƙofa. Wurin yana da inuwa."

"Har yaushe?"

"Har a tashi."

Bazamfaren ya gyaɗa kai kawai. Sai wata maƙwabciyar ɗan Maraɗin, da ke tsaye da ledar burodi, ta juyo.

"Alhaji Issa, tunda doka tana aiki, yaushe za ka buɗe shagonka?"