Borghild da Tarihin Kakana

Mai girma shugabar taro, Uwargida Hestnes. Mai girma Fasto. Dattawan ƙungiyar masunta. Jama'ar tsibirin nan, maza da mata, ina gaishe ku. Ni ne Eilif, jikan Kyaftin Ulvestad, wanda gunkinsa ke tsaye a bakin tashar jirgin ruwa. Ina godiya da aka ba ni damar magana a bikin cikar Borghild Myklebust shekara tamanin, ko da yake na san ba ita ta zaɓe ni ba.

Da farko, zane. Borghild ta fara ne da zana kifaye a littattafan firamare, kifaye masu murtuke fuska, waɗanda yara da dama suka gane fuskokin kawunnansu a ciki. Ta ce ba da gangan ba ne.

Na biyu, rubutu. Majalisar gari ta ba ta aikin rubuta tarihin kakana, gwarzon da ya ceto masunta a daren babbar guguwa. Ta bi tsofaffi gida-gida, ta sha kofinsu, sannan ta rubuta cewa kakana yana kwance cikin jirgi da karyayyar ƙafa, kakata Signy ce ta tuƙa. Har ta zana ta a bangon littafin.

Gari ya juya mata baya. Makaranta ta daina ba ta aiki, mai gidan burodi ya daina ganinta. Ni kuwa na same ta har gida, na ce, "Borghild, kin kunyata mu."

Ta ce, "Cire takalminka, yanzu na yi shara. Ka karanta littafin?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To mai da takalminka."

Sai da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali, ta sa na karanta mata littafin. Da muka kai wurin guguwar, ta ce, "Haka aka yi. Baba da kansa ya sha faɗin haka, ba wanda ya saurare shi. An riga an sassaƙa gunkin."

Jama'a, majalisa ta aiko ni in sanar cewa sabon jirgin fito zai ɗauki sunan Signy. Na faɗa wa Borghild jiya. Ta ce da fatan zai fi tsohon zuwa kan lokaci.

Allah ya ƙara mata lafiya, Allah ya tsare masu fita teku, Allah ya mai da kowa gida lafiya, Allah kuma ya sa kada ta rubuta tarihin waninmu.

Na gode.