Riƙon Ƙwarya da Hatsin Lakwal ɗin Bukoki

Assalamu alaikum. Mai girma wakilin hukumar riƙo, mai unguwar Bukoki, liman da malamanmu, 'yan'uwana masu aikin alli, Hajiya Hadizatu da 'ya'yanki, ina yi mana gaisuwar rashin Malam Halidu Sanusi, da muke kira Mushe irin na Faransanci, daraktan lakwal ɗinmu, wato makarantar bokonmu. Maƙwabtanmu Zabarmawa, ga ta'aziyya da harshenku: fonda tilas.

Ya kasance mutumin da bai iya kallon yaro yana hamma don yunwa. Shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Yamai, shi ya bi gida gida yana roƙon hatsi don a dafa wa 'ya'yansu a lakwal. Aka zuba a mangaza, ɗakin ajiyar majalisar gari. Sai soja suka karɓi mulki, aka rushe majalisar, aka rasa mai sa hannu a buɗe ƙofa.

Ya kasance mai yarda da doka fiye da mu duka. Shi ya fassara mana sabon kundin tsarin mulki da Hausa a gindin dalbejiya, kafin ƙuri'ar raba gardama. Ranar da kundin ya fara aiki, mata suka taru bakin mangaza da kwanoni. Inna Kadi, wadda ta zo daga Filinge da jikokinta, ta tare shi.

"Mushe, ba kai ka ce mu jefa 'i' ba?"

"Ni ne, Inna."

"To ina makulli?"

Ya buɗe babin ƙarshe ya karanta mata: masu riƙo za su ci gaba har a rantsar da zaɓaɓɓu. Ya ce shi ne riƙon ƙwarya.

Ta ce, "Ɗana, a garinmu in mace ta ba ka riƙon ƙwarya, zani za ta gyara. Wace mace ce ke shekara tana gyaran zani?"

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya kasance mai naci. Da ciwo a ƙirjinsa ya riƙa zagaya ofisoshi, kowa na ce masa riƙo yake, ba ya taɓa abin da ke ciki. Yana amsa musu cewa babin ya ce su ci gaba da aiki ne, kuma ciyar da yara aiki ne. Har ya kwanta bai samu sa hannun ba.

Hadizatu, mun san mun cinye miki ƙarfin mijinki. Ki yafe mana.

Ranka ya daɗe wakili, ba wurin roƙo ba ne nan, amma ba mu da wani wurin. Ajina ya rage rabi, yaran sun koma dako a Babbar Kasuwa. Ƙwari na cin hatsin. Zaɓe sai baɗi, cikin yaro kuwa bai san baɗi ba. Don girman Allah, ka kai maganar nan sama yau.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya gafarta wa Halidu, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, ka tausasa zuciyar mai sa hannu kafin mu sake taruwa a kan ƙaramin likkafani. Amin.