Darasin Asabar Ƙarfe Takwas

Ran Juma'a da la'asar, a filin gasar golf, a bakin igiyar 'yan kallo ta rami na sha takwas, wato na ƙarshe, Marlene Tollefson ta dafa hannun wani dattijo da ba ta sani ba.

"Bawan Allah, ka ga mai shuɗiyar hular can? Garrett ke nan, malamin golf na kulob ɗinmu a Minnesota. In ƙwallon nan ta shiga, da shi za a buga gobe da jibi!"

"Mai sayar da safar hannu a kantin kulob, shi zai kara da waɗannan gwanaye?" in ji dattijon. "Sa'a ce kawai."

"Sa'a har kwana biyu? Shi kansa bai sa rai ba, shi ya sa ya liƙa takarda a ƙofar kantin cewa darasin Asabar ƙarfe takwas yana nan. Kuma ni ce mai darasin. Ban taɓa roƙon a soke min darasi ba sai yau."

"Dubi yadda ya ƙanƙame sandar. Tun yana ɗan shekara tara nake ce masa ya sassauta hannu."

Marlene ta juyo ta ƙare masa kallo. "Shekara tara? Kai ne babansa?"

Ya ja hula ya rufe goshi. "Kada ki gaya masa na zo. Ni na ce ya je ya nemi aikin kirki, tun daga ranar bai sake kirana ba."

Garrett ya buga. Ƙwallon ta gangara, ta zagaya bakin ramin, ta faɗa. Wuri ya kaure da sowa.

Dattijon bai tafa ba, sai ya juyo wajen Marlene.

"Baiwar Allah, ƙarfe nawa zai fara gobe?"