Rufin da Za Ta Ɗaga Ita Kaɗai

"Baba, ɗakin nan mai naɗewa, da ake ɗaga rufinsa a kafa, ya fi ƙaramar tirelar," Lorna, wadda ita ma dubawa ta zo yi, ta ce wa dattijon da suka haɗu a filin sayar da ɗakunan tafi-da-gidanka a Billings. "Ko a gareji sai ya shige."

"Rufin fa? Mutum ɗaya zai iya ɗagawa?"

"Ai ku biyu ne, kai da Mama."

Ya waiwayi matarsa, tana gyangyaɗi a mota, taswira a cinyarta.

"Likita ya ce ba zan ga baɗi ba, 'yata. Ita kuwa ta rantse sai ta ƙarasa zagaya tafkunan da muka fara."

Lorna ta sa hannu biyu ta gwada rufin. Da ƙyar ya motsa.

Dattijon ya yafito dillali. "Tirelar zan ɗauka. Ƙofa kawai za ta buɗe ta shiga."