Yau Gamja Zai Yi Gudu

A asibitin dabbobi na Mokpo, tsoho Deok-su na rungume da karensa Gamja, bakinsa ya ƙi rufuwa. Wata mai kyanwa ta dube shi.

"Baba, wannan fara'a fa? Aure za ka yi?"

"Ya fi aure, 'yata! Tsutsar zuciyarsa ta mutu. Wata huɗu likita ya hana shi gudu."

"Aikin sauro ke nan. Tawa duk wata nake ɗiga mata magani."

"Ni sakaci na yi. Na ce ai kare ne kawai."

"Kare kawai, kake hawaye?"

"Marigayiya matata ce ta tsinto shi." Ya share ido. "Yau sai bakin teku, mu yi tsere!"

"Da wannan sandar, Baba?"

"Zai jira ni. Ai ni ma na jira shi."