Cokali a Hannun Hagu

AUTA: Salamu alaikum. Yaya? Kina jina?

YAYA: Wa alaikumus salam. Ina jin ka, Auta, har da motocin da ke bayanka.

AUTA: Ina wuni, Yaya? Ya gida, ya yara?

YAYA: Lafiya ƙalau. Ya aiki? Ya amaryarmu?

AUTA: Tana gaishe ku. Inna fa?

YAYA: Tana kicin, tana faɗa da tukunya. Ya zafin garin naku?

AUTA: Alhamdu lillahi. Yaya, ya jikin Baba?

YAYA: Da sauƙi.

AUTA: Sauƙin gaskiya, ko sauƙin waya? Ranar da hannunsa na dama ya shanye ma "da sauƙi" kuka ce mini.

YAYA: To me kake so in ce? Haka aka koya mana amsawa.

AUTA: Ki saurare ni, katina ba yawa. Na nemi hutu, oga ya hana. Gobe zan ajiye masa aikinsa in taho. Kwana huɗu mutum ba ya cin komai sai shayi! A mayar da shi asibiti, ko ta hanci ne a sa masa abinci.

YAYA: Ta ina?

AUTA: Ta hanci! Da roba!

YAYA: Baban? Ka zo ka sa masa da kanka, ni zan tsaya daga bakin ƙofa in yi kallo. Dakata... Inna! Kada ki juye sauran shinkafar nan, ya ce zai ƙara!

AUTA: Wa zai ƙara?

YAYA: Na'am?

AUTA: Yaya, wa zai ƙara shinkafa?

YAYA: Au, ban gaya maka ba? Baba.

AUTA: Baba ya ci abinci? Shi ne kika tsaya tambayata zafin gari?

YAYA: Ai gaisuwa ba ta hana labari. Kai ma ba ka ba ni fili ba, kana ta ajiye aiki.

AUTA: Wa ya ba shi a baki?

YAYA: Ka taɓa ganin wanda ya isa? Ni na gwada shekaranjiya, ya kalle ni ya kalli cokalin, ya ce shi ya ɗinka mini rigar suna, ba zan mayar da shi jariri ba. Da hagu kuma ya ce ba zai ci ba. Wai shekara saba'in yana kiyaye sunna, ba zai zo bakin kabari ya fara cin abinci da shaiɗan ba.

AUTA: Ba kun kira liman ba?

YAYA: Ya zo, bawan Allah. Ya yi bayani mai kyau, ya ce larura ce, babu laifi ko kaɗan. Baba ya saurara har ƙarshe, da liman ya fita ya ce ai yaron nan shi ya ɗinka masa wandon makaranta.

AUTA: Kai, Baba!

YAYA: 'Yan dubiya kuwa ba a magana. Na ƙirga mutum tara da suka ba shi labarin Annabi Ayuba, kowa da kofin shayinsa a hannun dama. Shi kuma abin da ke cin sa daban ne. Ya tambayi Inna ko hukunci ne aka yi wa hannun, ko akwai ƙyallen wani da ya taɓa ragewa bai mayar ba.

AUTA: Baban da ke bin mutane har gida da guntun yadi kamar tafin hannu?

YAYA: Haka Inna ta ce masa. Ta ce in don ƙyalle ake shanye hannu, da duk layin teloli babu mai iya ɗaga almakashi sai shi.

AUTA: To ya aka... Yaya? Hello? Kin ɗauke!

YAYA: Ina nan, na matso taga. Ka tuna Baba Kafinta?

AUTA: Abokinsa? Wanda injin katako ya cinye wa yatsun dama?

YAYA: Shi. Ya dawo daga tafiya jiya, yau bayan azahar ya shigo. Bai ce sannu ba, bai ce a yi haƙuri ba. Ya leƙa kicin ya ce, "Uwargida, faranti ɗaya, cokali biyu." Ya zauna a tabarma gaban Baba, ya yi bisimilla da ƙarfi har maƙwabta sun ji, ya sa hagu ya fara ci.

AUTA: Baba bai ce komai ba?

YAYA: Ya juya fuska bango. Sai da ya kai loma biyar sannan Kafinta ya ce, "Tela, shekara talatin muna cin faranti ɗaya da kai. Ashe duk tsawon nan kallon abokin cin shaiɗan kake yi mini, ba ka faɗa ba?"

AUTA: Subhanallahi!

YAYA: Baba ya ce, "Kai naka larura ce." Kafinta ya ce, "Kai kuma naka ado ne?"

AUTA: Wayyo Allah! Da ina nan!

YAYA: Bai gama ba. Ya ce, "Ranar da inji ya ci yatsuna, kai ka zo asibiti ka tsaya a kaina, ka ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ɗauka ba. Na ɗauka da gaske kake. Shekara talatin ina ajiye da maganar nan, yau ga kayanka na dawo maka da su." Ya tura masa cokali.

AUTA: Ya ɗauka?

YAYA: Ya ɗauka da hagu. Sannan ya yi bisimilla. Cokalin farko riga ta ci. Na biyu tabarma. Na miƙa hannu zan taimaka, Kafinta ya harare ni, na koma na zauna. Na uku ya isa inda aka aike shi.

AUTA: Allahu akbar.

YAYA: Inna ta tashi ta shige kicin, wai albasa ce ta dame ta. Ba a yanka albasa a gidan nan yau ba. Auta? Kuka kake yi a bakin titi?

AUTA: Hayaƙin mota ne.

YAYA: Ashe albasar ta kai can. Ka san ni ban cika yarda da wa'azin 'yan dubiya ba, amma yau na ga haƙuri da idona. Loma ashirin da uku, Auta. Gumi yake yi kamar mai dakon kaya, bai bari ko ɗaya ta koma faranti ba. Ubanmu ke nan. Tsaya, ga shi yana miƙo hannu. A hankali zai yi magana, kada ka katse shi.

BABA: Auta.

AUTA: Na'am, Baba! Ina wuni? Ya jiki?

BABA: Jiki... ya ci shinkafa. Na ji wai za ka... ajiye aiki.

AUTA: Baba, don in zo in kula da...

BABA: Ka zo ka yi me? Ka riƙe mini cokali? Yana da mai riƙewa. Allah ya karɓi hannu ɗaya, ya bar mini ɗaya. Na yi kwana huɗu ina kukan wanda ya karɓa... ban gode masa kan wanda ya bari ba. Na nemi gafara. Ka zauna a aikinka.

AUTA: To, Baba. Me zan aiko? Magani? Ko kujerar...

BABA: Almakashi.

AUTA: Na'am?

BABA: Kafinta ya ce ana yin na 'yan hagu. Babba, na yankan yadi. Akwai rigar liman da na auna kafin in kwanta, ban yanka ba. Yaron ya yi gaskiya, ya kamata a...

AUTA: Baba, katina ya kusa... zan nemo, wallahi gobe zan...

BABA: Mai kaifi, ba irin na... Auta? Auta? Ya yanke. To, karɓi wayarki. Ina cokalina?