Kwalin Ruwa na Ƙarshe

A wani kanti, wata mai goyo ta tare mutumin da ya ɗauki kwalin ruwan gora na ƙarshe.

"Bawan Allah, sayar min da biyu. Yarona zawo yake yi, na zaga kantuna babu."

"Ki ba shi na famfo mana, ai mai kyau ne."

Ta ƙura wa tambarin rigarsa ido. "Ba a hukumar ruwa kake aiki ba?"

"A can nake."

"Kai da kake tace mana shi, me ya kai ka sayen kwali guda?"

"Maiɗakina ce mai tsirfa."

"Yaushe tsirfar ta fara?"

Ya waiga, ya zaro gora huɗu ya miƙa mata.

"Ko wanka kar ki yi masa da na famfo. Kuma ba ki gan ni ba."